Baƙin Kaka: Tsuntsayen da ke Sauka a Fadamar Haɗeja da Nguru

  

Yau za mu ɗan ajiye zancen girki da raino, mu ɗaga kai mu dubi sama. Uwargida, ko kin taɓa lura cewa da zarar an fara yankan gero, shamuwar nan da ta yi sheƙa a kan tsamiyar unguwa sai a neme ta a rasa? Ko kin lura cewa a daidai wannan lokaci wasu tsuntsaye da ba ki gani da damina suke fara giftawa ta saman tsakar gidanki? To ba banza ba. Kaka lokacin tafiya ce a wurin tsuntsaye, wasu na barin mu, wasu na zuwa mana. Bayanin wannan tafiya za mu yi yau, da wurin da baƙin suke sauka, da yadda za ki kalle su ko da ba ki taka ƙofar gida ba, da kuma abin da ya shafi kajinki da lafiyar iyalinki a cikin lamarin.

Su ma cin rani suke zuwa

Kin san yadda mazanmu na karkara ke yi. Idan an gama aikin gona, an kai amfani rumbu, sai a ɗauki 'yar jaka a tafi birni cin rani, ba a dawowa sai an ga hadari ya fara haɗuwa. To haka tsuntsayen ƙasashen Turai da Rasha suke yi. Can wurinsu idan watan Satumba ya kama, rana takan fara gajarta, sanyi ya fara sauka. Kafin Disamba tabkuna sun daskare sun zama ƙanƙara, ƙwari sun ɓace, ƙasa ta rufe da dusar ƙanƙara. Tsuntsun da abincinsa sauro ne da ƙuda da tsutsa, ko agwagwar da ke kiwo a cikin ruwa, in ta tsaya yunwa ce za ta kashe ta tun kafin sanyi ya kashe ta. Saboda haka sai su yo kudu.

Mu kuwa a lokacin damina ta gama aikinta. Tabkuna sun cika, ciyawa ta zubar da iri, fara da ƙwari sun yi yawa. Wato daidai lokacin da tukunyarsu ta ƙone, tamu ta nuna. Sukan fara isowa daga Satumba zuwa Nuwamba, su zauna da mu duk tsawon hunturu, sannan wajen Maris da Afrilu su juya gida, su yi sheƙa, su ƙyanƙyashe 'ya'ya. Masana sun kiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke tsallaka hamadar Sahara zuwa wannan ɓangare na Afirka a kowace kaka.

Shamuwarmu ita ma 'yar cin rani ce, sai dai ita ba ta barin Afirka. A nan take yin ƙwai da damina, shi ya sa manoma ke murna da ganinta, don sun san ruwa ya kusa. Da kaka ta yi sai ta kwashi 'ya'yanta ta nufi gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda a lokacin ne tasu daminar take farawa. Wato ita kullum damina take bi, tana cin fara da tsutsotsin gona. Ga amsar tambayar da yara kan yi miki ke nan, “Inna, ina shamuwa take zuwa?”

Yadda aka gano sirrin

Kada ki ɗauka Turawa sun san wannan tun fil azal. Da can su ma sun sha kame-kame. Har masu iliminsu sun daɗe suna cewa wai tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon tabki ta yi barci, sai sanyi ya wuce ta fito. Ana nan sai a shekarar 1822, a kusa da wani gari mai suna Kuluz a ƙasar Jamus, aka harbo wata farar shamuwa irin tasu ta Turai, aka tarar da mashi mai tsawon kimanin santimita 80 soke a wuyanta. Da aka duba mashin sai aka ga irin na mutanen tsakiyar Afirka ne. Ki ji ikon Allah, an soke ta a nan, ba ta mutu ba, ta tashi da mashin a wuya har Jamus. Har yau gawarta tana ajiye a jami'ar birnin Rostok, ana zuwa kallo.

Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak mai suna Mortensen ya ƙirƙiro dabarar sa wa tsuntsu ɗan zoben ƙarfe mara nauyi a ƙafa, da lamba da adireshi a jiki. Duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa sai ya aika da lambar, a san inda ya kai. Yanzu kuma har 'yar na'ura ake ɗaura musu a baya, tana aika labarin inda suke ta tauraron ɗan Adam. Da irin wannan ne aka ga wani tsuntsun bakin ruwa a 2022 ya tashi daga Alaska ta Amurka ya sauka a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, tafiyar kilomita 13,560 cikin kwana 11, bai sauka ko sau ɗaya ba. Haka nan a 2016 masana a ƙasar Suwidin suka tabbatar cewa akwai wani jinsin tsattsewa baƙa da kan yi wata 10 a sama ba ta taɓa ƙasa ba. A can take ci, a can take hutawa.

Wahalar hanya

Daga tsakiyar Turai zuwa ƙasar Hausa tafiya ce ta kilomita 4,000 ko fiye, waɗanda suka taso daga arewacin Rasha kuwa tasu ta fi haka nesa ba kusa ba. A hanya akwai manyan shingaye biyu, tekun Bahar Rum da hamadar Sahara. Faɗin hamadar kaɗai ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, ba ruwa, ba abinci, inuwa ma sai an dace.

To ki dubi masu wannan tafiya. Tsattsewar Turai, mai jan maƙogwaro da wutsiya mai baki biyu kamar almakashi, nauyinta kimanin giram 20 ne, wato dunƙulen magi biyar. Akwai waɗanda ba su wuce nauyin dunƙule biyu ko uku ba. Yaya suke yi? Guzuri suke yi, amma a jikinsu. Kafin tashi sukan yi makonni suna ci ba ƙaƙƙautawa, su tara kitse, wasu har nauyinsu ya kusa ninkawa. Wannan kitse shi ne man da suke ƙonawa a hanya. Yawancin ƙananan da dare suke tafiya, lokacin da iska ta yi sanyi kuma shaho ba ya gani, da rana su laɓe a gindin dutse ko wani ɗan tsiro. Wanda guzurinsa ya ƙare a tsakiyar rairayi, shi ke nan, kwanansa ya ƙare.

Manya irin su farar shamuwa dabararsu daban. Su ba sa son yawan kaɗa fiffike. Sukan jira rana ta yi zafi, iska mai ɗumi ta taso daga ƙasa, sai su buɗe fukafukai ta ɗaga su sama suna kewayawa, kamar dai yadda kike ganin ungulu na yi, sannan su zuro a hankali har su sami wata iskar. Irin wannan iska ba ta tasowa a kan teku, shi ya sa suke zagayawa ta inda ruwan ya fi ƙunci: ta mashigin Jibiralta tsakanin Sifen da Maroko, mai faɗin kilomita 14 kacal, ko ta birnin Santambul na Turkiyya.

Wa ke nuna musu hanya? Bincike ya nuna suna amfani da rana, da taurari, da kuma maganaɗisun da ke cikin ƙasa, wanda jikinsu ke ji kamar yadda allurar gane alƙibla take juyawa. Manya kuma sukan riƙe kamannin koguna da duwatsun da suka saba bi. A wasu jinsunan ɗan tsakon bana shi kaɗai yake tasowa, iyayensa sun riga shi tafiya, ba wanda ya taɓa nuna masa hanya, amma ya iso.

Masaukin baƙi

Idan tsuntsu ya tsallako hamada a galabaice, ruwan da ya fara gani shi ne ransa. A yankinmu manyan wuraren ba su da yawa: akwai fadamun kogin Sanagal, da na kogin Kwara a ƙasar Mali, da tafkin Cadi, sai kuma tamu fadamar Haɗeja da Nguru, wadda ta ratsa jihohin Jigawa da Yobe.

A nan ne kogin Haɗeja da kogin Jama'are suke shigowa ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tsofaffin tuddan rairayi. Ruwan sai ya rasa hanya guda, ya rarrabu, ya malale, ya zama tabkuna da ƙoramu da fadamu, kafin ya sake haɗuwa ya zama kogin Yobe ya nufi tafkin Cadi. Ambaliyar takan cika wajen Agusta da Satumba, ta fara janyewa daga Oktoba, daidai isowar baƙi. Duk inda ruwa ya janye yakan bar taɓo cike da tsutsa da dodon koɗi da irin ciyawa. An ƙidaya jinsin tsuntsaye sama da 370 a wannan yanki.

Saboda muhimmancinsa aka keɓe wasu sassa aka hana farauta. Akwai wata yarjejeniya ta duniya kan kare fadamu da aka ƙulla a 1971 a garin Ramsar na ƙasar Iran. Tafkin Nguru da mashigin ruwan Marma, hekta 58,100, su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa a cikin wannan rajista, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara da dajin Baturiya na Jigawa da tafkin Dagona na ƙasar Bade a Yobe. Shi Dagona ɗan tafki ne da kogi ya yanke ya bari, yana cikin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Cadi da aka kafa a 1991, kuma an keɓe shi musamman don tsuntsayen ruwa. Sunansa ya kai har Yarima Filib, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya zo kallon tsuntsaye a wurin a 1989. Ki duba fa, mutum ya taso daga Landan don ya ga abin da ke bayan gidanmu.

Wa da wa za a gani

Wanda ya isa bakin tafkin da sassafe, kafin rana ta ɗaga, kunnensa ne zai fara ba shi labari. Kirinjijiya ce ke fito, garke-garke, da farar fuskarta. Ita 'yar gida ce. Haka dinya, babbar nan mai baƙin baya da farin ciki, da zalɓe da ke tsaye cik a ruwa kamar an dasa shi yana jiran kifi, da balbela, da kwasakwasa mai jakar fata a ƙarƙashin baki.

A tsakaninsu ne baƙin suke. Akwai wata 'yar ƙaramar agwagwar ruwa da ke zuwa daga Rasha da gabashin Turai, dubbai a wuri guda. Idan lokacin komawa ya kusa, namijinta yakan fito da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya kamar an ja masa da alli. Akwai wata agwagwar mai dogon wuya da wutsiya mai tsini kamar tsinke. Akwai kuma wani mai dogayen ƙafafu, launin ƙasa-ƙasa, da ke sauka a gonakin shinkafa bayan girbi yana kalar abin da ya zube. A nan ba shi da wani ado, amma idan ya koma gida lokacin aure, namijin yakan tsiro da gashi mai faɗi a wuya kamar wanda ya naɗa rawani, su taru a fili suna nuna wa mata kwalliya. Sai farar shamuwa mai jan baki da jajayen ƙafafu, da wani ɗan tsuntsu mai cikin ruwan ɗorawa da ke bin ƙafar shanu yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa, da kurciyar Turai mai zanen baƙi da fari a gefen wuya, wadda yawanta ya ragu ƙwarai a ƙasashensu.

Akwai kuma wanda aka daina gani sosai, wato gauraka, mai tukkun nan kamar zinariya. Iyayenmu sun san shi a fadamu, amma kamawa da lalacewar mazauninsa sun sa yau ganinsa a Nijeriya ya zama abin labari. Wannan ya ishe mu ishara.

Masu kallon tsuntsaye ba su da wani kayan aiki mai yawa: madubin hangen nesa, da littafi mai hotunan tsuntsaye, da ɗan littafin rubutu. Sukan sa tufafi marasa ƙyalli, su zauna shiru rana na bayansu, su rubuta irin da suka gani da yawansa. A watan Janairu na kowace shekara akan yi ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa lokaci guda, don a gane ko suna ƙaruwa ko suna raguwa.

Me ya shafe ki?

Wata za ta ce, to ni da ke cikin ɗaki, ina ruwana da agwagwar Rasha? Uwargida, ruwan da agwagwar nan take sauka a kai shi ne ruwan da ke ba ki bandar kifin da kike sa wa a miya. Shi ne ke ba da shinkafar gida, da alkama, da tattasai da albasar rani. Kabar da kike saƙa tabarma da faifai, da kanwar da kike jefawa a tukunya, da nonon da 'yar Fulani ke kawo miki, da yawa daga irin waɗannan fadamu suke fitowa. Mutum sama da miliyan ɗaya ne ke cin abinci daga fadamar Haɗeja da Nguru. Ita ce kuma ke tsuma ƙasa, rijiyoyin garuruwan kewaye su sami ruwa. Saboda haka ranar da tsuntsu ya zo ya ga ba wurin sauka, ki tabbata masunci da manomi da makiyayi sun riga shi kuka.

Kuma fadamar tana cikin matsi. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun kawo amfani, sun ba Kano ruwan sha da noman rani, amma sun rage ambaliyar da ke isa ƙasa, sun kuma canza lokacinta. A shekarun 1960 ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000, amma a shekarun farin 1980 bai kai rabin haka ba. Sannan da ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, babu lokacin bushewa sosai, sai ciyawar kacala ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar sauro da tsuntsun jan baki mai cinye gero da shinkafa. A nan sai a yi adalci: jan baki ɗan Afirka ne, ba ya cikin baƙin Turai. Cikin baƙin akwai masu taɓa shinkafa idan girbi ya yi jinkiri, amma mafi yawansu ƙwari da fara da tsutsa suke ci, wato taimakon manomi suke yi ba lada. Tafkin Cadi ma ya ga tasku, daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekarun 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya.

Don ki ga yadda aka ɗaure mu da igiya ɗaya: a 1968 damina ta yi ƙaranci a yankin Sahel. Da bazarar 1969 ta zo, mutanen Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba da shi bai dawo ba, kusan uku cikin kowane huɗu sun ɓace. Tsuntsun ya kai musu labarin farinmu tun kafin babbar yunwar farkon shekarun 1970 ta bayyana ga duniya.

Ki kula da kajinki

Ga inda nake so ki ƙara buɗe kunne. Tsuntsayen ruwa, musamman agwagi, sukan ɗauki ƙwayar cutar murar tsuntsaye, wani lokaci ba tare da ta nuna a jikinsu ba. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar mugun nau'in cutar a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko ke nan a Afirka. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Ta sake dawowa a 2015 da 2021, an yi asarar kaji masu ɗimbin yawa. Ba tsuntsayen daji kaɗai ke yaɗa ta ba, safarar kaji da ƙwai da kejin da ba a wanke ba suna da babban kaso. Amma ke da kajinki su ne asusunki, da su kike sayen sabulu da littafin yara, ya kamata ki kiyaye waɗannan:

1. In gidanku na kusa da tafki ko fadama, kada ki bar agwaginki da kajinki su je kiwo inda na daji ke sauka, musamman daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Ki ba su ruwan rijiya ko na famfo.

2. Ki raba makwancin agwagi da na kaji, kuma kada kaji su riƙa kwana a ɗakin da mutane ke kwana.

3. Sabuwar kaza daga kasuwa, ki ware ta mako biyu kafin ki haɗa ta da sauran.

4. Idan kika ga kaji na mutuwa farat ɗaya, ko zankonsu ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi, ko suna zawo da wahalar numfashi, kada ki ce a yi maza a yanka kafin ta mutu, kada kuma a kai kasuwa. Ki sa maigida ya sanar da malamin dabbobi.

5. Mushen tsuntsu, na gida ko na daji, kada yara su taɓa. A sa leda a hannu a ɗauka, a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba.

6. Bayan fige kaza ko sharar akurki ki wanke hannu da sabulu. Nama da ƙwai a dafa su su nuna sosai.

Sannan ki yi hattara da naman tsuntsun dajin da ba ki san yadda aka kama shi ba. Akwai marasa tsoron Allah da ke barbaɗa guba a hatsi a bakin ruwa, su kwashi abin da ya faɗi su kai kasuwa. Arahar irin wannan nama ba ta kai kuɗin asibiti ba.

Kallo daga tsakar gida

Ba sai kin je Dagona ba. Sararin da ke saman gidanki hanya ce, kuma ba mai hana ki kallonsa. Lokaci mafi kyau shi ne bayan asuba zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. A watan Oktoba ki duba za ki ga shamuwa sun taru da yawa suna kewayawa can sama, sallama ke nan suke yi. Za ki ga cilakowa suna wucewa kudu a jere, ɗaya bayan ɗaya, su kaɗa fiffike su yi lilo. Da yamma ki ga tsattsewa na shawagi ƙasa-ƙasa suna kamun sauro. Idan dare ya yi tsit, musamman garuruwan da ke kusa da ruwa, har kukan masu wucewa a duhu za ki iya ji.

Ki sami tsohon kasko ki zuba ruwa, ki ajiye a kan katanga ko wani wuri mai tudu inda kyanwa da kaji ba sa kaiwa, ki riƙa wanke shi kina canza ruwan kullum don kada sauro ya yi ƙwai. Cikin 'yan kwanaki za ki yi baƙi. In akwai bishiya a gidan, zogale ko darbejiya ko lalle, ki bar ta, masauki ce.

Wajen gane tsuntsu, ki lura da abu huɗu. Girmansa, ya kai kurciya ko bai kai ba? Bakinsa, gajere ne mai kauri irin na masu cin hatsi, ko siriri irin na masu cin ƙwari? Launinsa, ina fari yake, ina baƙi? Sai halinsa, a ƙasa yake tafiya, ko a reshe yake tsalle, shi kaɗai ne ko cikin garke? Ki ba yaro ɗan makaranta littafi na musamman ya riƙa rubutawa: ranar da aka ga shamuwar ƙarshe, ranar da aka ga ta farko da bazara, ranar da ruwan farko ya sauka. Bayan shekara biyu ko uku za ku ga abin sha'awa. Ki kuma tambayi kakar yara sunayen tsuntsaye da kirarinsu a rubuta, don da yawa suna ɓacewa tare da tsofaffi.

Ke ce makarantar farko, don haka ki ja kunnen yara maza game da danƙo da tarko da kwasar ƙwai a sheƙa. Ki gaya musu ɗan tsuntsun nan da suke nema su harba don wasa, wataƙila jiya ya gama tsallake hamada. In kuma aka tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, a sani ba asiri ba ne, ba kuma zinariya ba ce. A rubuta lambar da rubutun da ke jiki, da rana da wurin da aka same shi, a kai wa malamin daji ko malamin makaranta. In yana da rai a sake shi da zobensa.

Wadda kuma Allah ya hore wa, maigida ya yarda zai kai iyali, to daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tafkunan suka fi cika da tsuntsaye. A fara tambayar lafiyar hanya, a nemi izini da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun, a isa da sassafe. Kada a cika kwalekwale fiye da kima, kada a bar yara su yi wanka a tafki saboda tsargiya, in za a kwana a tafi da gidan sauro.

Abin da ya rage mana a cikin gida shi ne tattali. Itacen da muke ƙonawa, da yawansa daga irin waɗannan dazuzzuka ake saro shi, don haka murhu mai tsimin itace taimako ne ga aljihun maigida da kuma dajin. Ledar da muka zubar a kwata, damina ce ke kai ta kogi. Ragowar maganin feshi da gwangwaninsa kada a wanke a rafi. Sau biyu a shekara, Asabar ta biyu a watan Mayu da ta biyu a watan Oktoba, duniya kan yi bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura. Idan ta Oktoba ta zagayo, ki tara yara a tsakar gida da yamma ku ƙidaya iri nawa za ku gani kafin magariba.

Mu Hausawa mun ce baƙonka annabinka. Waɗannan baƙi ba sa neman tabarma ko tuwo a wurinmu, ruwa suke nema da a bar su su huta su koma.

A nan za mu dasa aya. Wadda ta san sunan wani tsuntsu a karin harshen garinsu, ko wani kirarinsa, ta sa a rubuto mana, za mu karanta don sauran 'yan uwa su ƙaru.